Ciwon da Ba a Rubuta Ba

Aikin soja yana koya wa mutum danne ciwo. Tun a wajen horo ake nuna wa kurtu cewa mai yawan zuwa ganin likita rago ne, mai son ya bar wa 'yan uwansa aiki. In kuwa kurtun nan Bahaushe ne, ya zo da tasa daga gida: an raine shi a kan namiji ba ya raki, kuma in an tambaye shi jiki, amsarsa "da sauƙi" ko da ba ya iya miƙewa. Tarbiyyar nan biyu suka haɗu a kan ƙanena, kuma saura ƙiris su raba shi da haƙƙin da dokar Amurka ta ba shi.

Ya shigo ƙasar ta cacar biza, ya shiga sojan ƙasa da katin zama tun kafin ya zama ɗan ƙasa. Makaniken motoci ne, aka tura shi Iraƙi, sansanin Balad da ke arewa da Bagadaza. A can ya diro daga bayan babbar mota da sulke da kaya a jikinsa, gwiwar dama ta gurɗe. Ya je ɗakin shan magani sau ɗaya, aka ba shi ibuprofen, ya koma ƙarƙashin motoci. Bai sake komawa ba har aka sallame shi. Ya dawo wurinmu Bronx, ya kama tuƙi, ya yi aure, shekaru suka ja. Gwiwa ta ci gaba da cinsa, baya ya biyo sahu, numfashi ya fara sarƙewa da daddare, ga wani ƙara a kunne da ba ya yankewa. Sai da matarsa ta matsa sannan ya cika fom ɗin neman diyya.

Ga wanda bai san tsarin ba, Amurka tana da ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda kowa ke kira VA, kuma tana biyan kuɗi duk wata ga wanda ya samu ciwo ko rauni a sanadiyyar aiki, ko wanda aikin ya tsananta masa ciwon da yake da shi tun da. Ba a cire haraji a kuɗin. Ba sadaka ba ne, ba kuma a duba ko kana da hali ko ba ka da shi. Ana auna naƙasar daga sifiri zuwa kashi 100, goma-goma, kuma kowane mataki da kuɗinsa. Amma kafin a kai ga awo, sai abu uku sun tsaya: a yau kana da ciwon kuma likita ya tabbatar, wani abu ya faru da kai kana cikin kaki, sannan akwai igiyar da ta ɗaure na farko da na biyu. A kan igiyar nan yawancin mutane ke faɗuwa.

Da amsa ta zo, an amince da ƙarar kunne, aka ba shi kashi 10, wanda shi ne iyakar abin da ake bayarwa a kanta. Gwiwa, baya da numfashi duk an ƙi. Shafin farko kawai ya karanta, ya ninke takardar ya tura ƙasan durowa. Da na tambaye shi sai ya ce, "Yaya, sun ce babu. Mu bar wa Allah." Na ce masa barin wa Allah bai hana karanta takarda ba, ya ɗauko mini ita.

Abin da na gani a shafukan ciki ya canza mini yadda nake kallon lamarin gaba ɗaya. Tun da sabuwar dokar ɗaukaka ƙara ta 2017 ta fara aiki a ranar 19 ga Fabrairu, 2019, wajibi ne takardar hukunci ta jera shaidun da aka duba, ta faɗi abin da bai cika ba, sannan ta lissafa abubuwan da aka riga aka yarda da su a ɓangaren mai nema. Waɗannan da aka yarda da su sun zauna, mai duba fayil na gaba ba zai warware su haka kawai ba. A kan gwiwar ƙanena, takardar ta amince yana da amosanin gaɓa a yanzu. Ta amince akwai rubutun zuwansa ɗakin magani a Iraƙi. Biyu cikin uku ke nan a hannunsa, shi kuwa yana zaune yana ganin an kore shi. Abin da ya rage ɗaya ne: likitan da ya duba shi ya ce wancan raunin ya warke, tunda shekaru sun wuce babu ko layi ɗaya da ya nuna ya sake kuka da gwiwar. Ban ga laifin wanda ya yanke hukunci da abin da ke gabansa ba. Fayil ba ya jin nishin da mutum ya yi shi kaɗai a ɗaki. Duk haƙurin da ƙanena ya yi, a takarda ya fito tamkar lafiyarsa ƙalau.

Na tambaye shi abin da ya wakana ranar gwajin da likitan ya yi masa. Ya ce likitan ya tambaye shi ya jiki, ya ce Alhamdulillahi. Aka kwantar da shi, aka ɗora ma'aunin kusurwa a gefen gwiwar, aka ce ya lanƙwasa. Ya cije leɓe ya lanƙwasa har ƙarshe, don kada a ce ya kasa. Bai faɗi inda zafin ya fara ba, ba a kuma ga alama a fuskarsa ba. Ya sha maganin kashe zafi da safe kafin ya fita. Ga shi ranar jikin ya yi masa daɗi, bai ce uffan ba game da ranakun sanyi da gwiwar ke kumbura har wando ya matse. Alhali ƙa'ida ta ce a yi la'akari da zafin da ke zuwa yayin motsi da kuma lokutan da ciwon ke tashi, ba iya abin da aka gani cikin 'yan mintocin nan ba. Likita ba zai rubuta abin da ba a gaya masa ba. Ba cewa nake mutum ya ƙara gishiri ba, ƙarya a nan laifi ce, kuma tana zubar da mutuncin masu gaskiya. Cewa nake ya faɗi ciwonsa daidai yadda yake, har da ranar da ta fi kowace muni. Godiya ga Allah tana nan daram ko ka ce wa likita "nan ne yake yi mini zafi."

Sai batun lokaci, wanda ya fi komai tayar mini da hankali da na duba kwanan watan da ke saman takardar. Mai nema yana da shekara ɗaya daga ranar hukunci ya ƙalubalance shi. In ya yi cikin wa'adin, ya kuma ci gaba da bin maganar ba tare da ya bari ta yanke ba, ranar da ya ci nasara za a biya shi ariyas tun daga ranar neman farko. In ya bari shekarar ta wuce, ƙofa ba ta rufe ba, zai iya dawowa da sabuwar hujja, amma yawanci lissafin kuɗi zai soma ne daga sabuwar ranar. Watannin da takardar ta yi a durowa daga cikin shekarar nan suka fita. Ba a fafe gora ranar tafiya: samun bayanan asibiti da ra'ayin likita yana cin makonni, wani lokaci watanni.

Hanyoyin ƙalubalantar uku ne, kuma zaɓen hanya ya danganta da irin ramin da ke cikin fayil ɗinka. In hujja ce ta gaza, sai ka shigar da ƙarin nema da fom 20-0995, ka haɗa da shaida sabuwa wadda ta shafi maganar. In kana ganin hujjar ta isa amma an yi kuskure wajen karanta ta ko wajen aiki da doka, sai ka nemi babban jami'i ya sake dubawa da fom 20-0996. A nan ba a karɓar sabuwar takarda ko ɗaya, amma za ka iya neman a kira ka ko wakilinka a waya ku nuna inda kuskuren yake. Ta uku ita ce hukumar ɗaukaka ƙara da ke Washington, da fom 10182, inda alƙali ne zai duba, ko dai da abin da ke cikin fayil kawai, ko ka ƙara hujja cikin kwana 90, ko ka nemi zama a saurare ka. Biyun farko ma'aikatar ta sa wa kanta burin kammala su cikin kwana 125, ta hukumar kuwa mafi saurinta burinta shekara ɗaya ne, mai neman zama kuma ya shirya wa doguwar jira. Mutane da yawa in ransu ya ɓaci sai su ce alƙali suke so, su tsallake kai tsaye zuwa can. Ga wanda matsalarsa rashin takarda ɗaya ce, wannan ɓata shekaru ne.

Ba mu muka gano wannan da kanmu ba. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna da wakilai masu lasisi da ke yin wannan aiki kyauta, ko kai ba mamba ba ne. Wadda ta karɓe mu ita ma tsohuwar soja ce. Da ƙanena ya sa hannu a takardar wakilci, ta buɗe fayil ɗinsa a kwamfuta, muka ga rahoton gwajin da idonmu, muka ga rubutun ma'aikacin jinyar da ya duba shi a Balad, layi uku kacal. Ta ce da shi aikinsa yanzu shi ne ya cike shekarun da ke tsakanin layukan nan da yau.

Da me ake cike su? Da bakin mutanen da suka gani. Doka ta yarda da shaidar wanda ba likita ba a kan abin da ya gani da idonsa, akwai ma fom na musamman, 21-10210. Hikimar a bayyane take, don takarda ba ta dawwama: gobarar da ta tashi a ma'ajiyar bayanan sojoji ta St. Louis a watan Yuli na 1973 ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. Ƙanena ya nemo sajansu na lokacin ta Facebook. Mutumin ya rubuta cewa yana wurin ranar da aka diro daga motar, kuma har suka bar Iraƙi yana ganinsa da bandeji a gwiwa yana ɗingishi. Matarsa kuma ta ce mini, "Yaya, ni zan rubuta nawa, in dai zai bari." Da ƙyar ya bari, don a ganinsa tonon asiri ne. Ta rubuta cewa tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya yi zaman tahiya a kan ƙafarsa ba, yana miƙe ta dama gefe; cewa 'yan shekarun nan a kan kujera yake salla, a gida da masallaci; cewa in sun dawo daga cefane ita ke hawa bene da kaya, shi yana biye yana hutawa a kowane hawa; cewa kwalbar maganin zafi ba ta ƙarewa a motarsa. Ba ta ce ga sunan ciwon ba, wannan ba huruminta ba ne. Abin da ta gani ta faɗa, da lokacin da ta fara ganinsa. Da na karanta sai jikina ya yi sanyi, don ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya ban san rabin wannan ba.

Sannan aka kai wa likitan ƙashin da ke duba shi bayanan aikin soja da waɗannan shaidu, aka roƙe shi ra'ayi a rubuce. Nan ma akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Ba a buƙatar likita ya rantse cewa lallai aikin soja ne sanadi. Ya isa ya ce yiwuwar hakan ta kai rabi, wato ta yi daidai da yiwuwar akasinsa, domin doka ta ce in hujjoji suka yi kunnen doki, tsohon soja ake bai wa gaskiya. Amma fa sai ya faɗi dalili. Takarda mai layi biyu da sa hannu ba ta da nauyi. Wadda ke tasiri ita ce wadda ta nuna likitan ya karanta bayanan, ya bayyana yadda rauni irin wancan ke lalata gurunguntsi sannu a hankali, ya kuma amsa hujjar likitan farko kai tsaye.

Aka sake kiran ƙanena gwaji. Wannan karon ya tsaya inda zafin ya fara, ya ce nan ne. Aka amince da gwiwa.

Baya kuwa labarinsa daban. Babu abin da ya same shi a baya yana soja, kuma bai taɓa cewa akwai ba. Amma ciwon da wani ciwon aiki ya haifar, ko ya tsananta, shi ma ana biyan sa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jingina nauyinsa a ƙafa ɗaya, ƙugunsa zai biya bashin. Aka sake ƙin wannan, sai dai wakiliyarmu ta lura rahoton ya amsa tambaya ɗaya ya bar ɗaya: ya ce gwiwa ba ita ta haifar da ciwon baya ba, bai ce komai ba kan ko ta tsananta shi. A nan hanya ta biyu ta yi amfani. Ba mu kawo sabuwar takarda ba. A wayar da aka yi, ta nuna shafi da layi, babban jami'in ya yarda gwajin bai cika ba, ya mayar da fayil a sake. Daga baya aka amince.

Numfashi ne kaɗai ba dabararmu ta warware shi ba. A Balad akwai wani makeken rami da ake ƙona sharar sansanin dare da rana: robobi, tayoyi, batura, sharar asibiti, ana zuba musu man jirgi. Hayaƙin nan suka shaƙa. A lokacin da aka ƙi nasa, sai ya kawo hujjar cewa hayaƙin ne ya jawo masa asma, abin da likita kaɗan ne zai iya sa hannu a kai. A ranar 10 ga Agusta, 2022, Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar PACT, wadda ke ɗauke da sunan Saja Heath Robinson, sojan da ciwon dajin huhu ya kashe a 2020 bayan ya yi aiki kusa da irin waɗannan ramuka. Dokar ta ɗauke wa sojoji nauyin kawo igiyar nan ta uku a kan jerin cututtuka, ciki har da asmar da aka gano bayan barin aiki, da daɗaɗɗen ciwon hanci, da nau'o'in ciwon daji da dama. Wanda ya yi aiki a Iraƙi, Kuwaiti, Saudiyya ko Somaliya daga 2 ga Agusta, 1990, ko a Afganistan, Jibuti, Siriya da wasu ƙasashe daga 11 ga Satumba, 2001, ana ɗauka kawai cewa ya shaƙa. Haka aka yi wa sojojin Biyetnam da gubar Agent Orange a dokar 1991, bayan sun yi shekaru suna kuka, kuma PACT ta ƙara musu hawan jini a jerin. Ƙanena ya sake shigar da nema, aka amince. Ina yawan tunanin waɗanda aka ƙi kafin 2022 suka haƙura, har yau ba su san doka ta canza a kansu ba.

Da aka haɗa lissafi sai ya ga jimillar ba ta kai abin da ya tara a kansa ba, ya zaci an cuce shi. Ba a tara kason kai tsaye. Ana fara da mafi girma, sannan a ɗauki na biyu daga abin da ya rage na lafiyar mutum. Mai kashi 50 da kashi 30 ba 80 gare shi ba: 30 cikin ɗari na ragowar 50 shi ne 15, ya zama 65, a zagaye shi zuwa 70. Wannan ba abin ɗaukaka ƙara ba ne, haka tsarin yake. Abin lura shi ne daga kashi 30 ake fara ƙara kuɗin mata da 'ya'ya, kuma sai ka shigar da sunayensu da kanka.

Akwai masu cin abinci da ruɗewar mutane a wannan harka, kuma ina jin zafinsu. Da zarar ka bincika maganar a intanet za su cika maka waya da talla, suna alkawarin kashi 100. Yawancinsu ba su da lasisin wakiltar kowa, sai su sa ka sa hannu a yarjejeniyar biyan ninkin ƙarin da ka samu na watanni da dama. Lauya ko wakili mai lasisi ba ya karɓar kuɗi a kan neman farko, sai bayan an yanke hukunci, kuma kashi 20 na ariyas shi ne abin da ake ɗauka daidai ne. Ma'aikatar tana da shafin da za ka duba sunan mutum ka ga ko tana da shi a rajista. Lauya na gaskiya yana da ranarsa, musamman in magana ta wuce hukumar Washington ta kai kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji, inda wa'adin kwana 120 ne kacal. Kotun nan ma sai a 1988 aka kafa ta. Kafin nan babu kotun da ke sake duba irin waɗannan hukunce-hukunce, kuma wata doka tun ta zamanin yaƙin basasar Amurka ta hana lauya karɓar fiye da dala 10 a kan aikin, abin da ya sa kusan babu lauyan da ke kusantarsa. Waɗanda suka riga mu sun sha wuya kafin a buɗe ƙofofin da muka bi.

Wani da muke salla tare ya tambaye ni ko wanda ya koma gida Afirka ya rasa haƙƙinsa. Bai rasa ba. Ana biyan diyyar ga tsohon soja ko da a ƙasar waje yake zaune, akwai kuma shirin da ke biyan kuɗin jinyar cututtukan da aka amince na aiki ne in an yi ta a ƙasar waje. Wanda ke Kano ko Yamai ko Kumasi da takardar sallamarsa ta DD-214 yana iya nema, yana iya ɗaukaka ƙara.

Abu ɗaya ya rage a gidan ƙanena, kuma shi ne mafi nauyi. A takardar da matarsa ta rubuta akwai sakin layin da ya sa ta cire: cewa yana firgita cikin barci, cewa ranar 4 ga Yuli in an fara wasan wuta yakan kulle kansa a banɗaki. Gwiwa ya yarda a rubuta, wannan kuwa ya ce ba za a sa masa sunan mai taɓin hankali ba. Ban tilasta shi ba, don ba irin abin da ake tilasta wa mutum ba ne. Na dai gaya masa cewa raunin da yaƙi ke yi wa zuciya yana cikin jerin abin da ake biya kamar na ƙashi, kuma akwai cibiyoyin ba da shawara na sojojin da suka je fagen daga, kyauta, cikin sirri, waɗanda aka fara tun 1979, da layin gaggawa na 988 a danna 1 in dare ya yi tsanani. Ya fara zuwa ɗaya daga cikin cibiyoyin. Ya kuma yarda wakiliyarmu ta shigar masa da fom 21-0966, na bayyana niyyar nema, wanda ke riƙe masa kwanan wata har shekara guda yayin da yake tattara bayanan likita.